Idan an dawo maka da goro: jagorar warware ƙorafi tsakanin mai goro da mai saye

Goro kaya ne mai rai. Tun daga ranar da aka fitar da shi daga kwansonsa a gonakin Shagamu ko Ondo har ranar da wani dattijo zai ɓare shi a ƙofar masallaci a Kano ko Maraɗi, yana shan danshi yana fitarwa, kuma duk hannun da ya bi ta cikinsa yana iya gyara shi ko ya ɓata shi. Shi ya sa ƙorafi a wannan sana'a yake da wuyar sha'ani. Sai ka ga goro ja jawur, bayansa sumul, ka ɓare ka tarar sankara, wato ɓarnar ƙwaron goro, ta cinye cikinsa. Mai saye ya ce an cuce shi, mai sayarwa ya rantse bai sani ba, kuma sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa.

Na rubuta wannan ne domin ƙananan 'yan goro: mai tebur a bakin titi, mai ɗan shago a unguwa, mai faranti a tasha, wanda ke saro 'yan ƙore ko huhu ɗaya daga kasuwar Mariri ya zo ya kasa. Kashi na ƙarshe na masu saye ne, domin su ma akwai haƙƙin da ke kansu. Abin da nake so ya zauna a ran kowa shi ne, goron da ya lalace yana nuna a hannun wa ya lalace. In aka ajiye shi a faifai aka duba, yawancin rigimar ba ta kai wa ga rantse-rantse.

Mataki na farko: tun kafin kuɗi ya shiga hannunka

Rabin ƙorafin da ake kawowa a wurin ciniki aka shuka shi. Saboda haka daga nan za mu fara.

Ka buɗe kayan. Idan mutum zai sayi ƙwarya ɗaya, wato goro 100, ko fiye, kada ka bar shi ya tsaya ga abin da ke sama. Ka sa hannu ka juyo na ƙasa, ka ce masa ya zaɓi biyu ko uku daga inda ya ga dama, a ɓare a gabansa. Goro ukun nan da kake ganin asara ce, su ne shaidarka gobe. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya dace da sana'ar nan sosai: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tsibin abinci a kasuwa, ya sa hannu a ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce masa me ya hana ka ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Jera manyan goro irin goriya da marsa a sama a cusa minu, wato ƙananan, a ƙasa, wannan shi ne algus ɗin, kuma babu wata dabarar karɓar ƙorafi da za ta wanke wanda ya yi shi.

Ka faɗi sunan kayan da gaskiya. Daushe, wato tsohon goro da ya kwanta, daban, sabon goro daban, a ɗanɗano da kuma a kuɗi. Daga watan Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon goro ke cika kasuwa, nan ne ake yawan gauraya su. Idan sabo ne ka ce sabo ne, ka gaya wa mai saye bai gama kwanciya ba, ɗacinsa zai fi kama baki.

Ka ƙirga a gabansa da murya, shi ma yana bi. Gyaran da za ka yi masa ka ware shi gefe ka ce ga gyara, kada ya shige cikin lissafi.

Sannan ka yi tambayar da 'yan goro da yawa ba sa yi: "Alhaji, yaushe ne ɗaurin auren?" Idan sauran kwana biyu, babu damuwa. Idan sauran mako biyu, ko dai ka koya masa ajiya, ko ka ce ya biya ya bar kayan a wurinka ya zo ya ɗauka ana jibi. Na biyun ya fi, domin kai ne ka san hannunsa. In ya dage sai ya tafi da shi, ka gaya masa dalla-dalla: a sa shi a inuwa, a rufe da algarara mai ɗan danshi ko ganye, kada a jiƙa shi sharkaf, kada a ɗaure shi tam a leda a bar shi cikin zafi, kada a sa shi a firiza, kada ya kwana a but ɗin mota, kuma a riƙa buɗewa ana tsince wanda ya fara tabo.

Abu na ƙarshe a nan, ku yanke sharaɗi da baki ƙarara. Misali: "Duk abin da ka ɓare ka ga sankara daga yau zuwa jibi, ka dawo min da shi in canza maka." Idan cinikin mai yawa ne, ka rubuta rana da adadi da kuɗi a littafinka, ko ka tura masa saƙon murya ta WhatsApp bayan ya tafi. Za mu ga amfanin wannan sharaɗi a gaba.

Mataki na biyu: yadda za ka karɓi mai ƙorafi

Mutumin da ya dawo da goro yawanci kunya ya sha kafin ya zo. Wataƙila a gaban surukai aka ɓare goron aka ga ƙwaro. Fushin da yake yi na wannan kunyar ne fiye da na kuɗin, kuma in ba ka gane haka ba za ka yi ta lissafin naira alhali shi mutuncinsa yake magana a kai.

Ka amsa sallamarsa kamar yadda ka amsa ranar da ya kawo kuɗi. Ka ba shi wurin zama. Idan akwai mutane a gaban tebur, ka bar yaro da su, ka ja shi gefe. Ka bar shi ya faɗi maganarsa har ƙarshe, ko da ka ji ya ƙara gishiri. Kada kalmarka ta farko ta zama "ai ba daga nan ba ne" ko "ni ban taɓa sayar da ruɓaɓɓen goro ba". Da ka faɗi haka ka ƙaryata shi tun ba ka ga kayan ba, daga nan kuwa ba maganar goro za ku yi ba. Abin da ya dace shi ne: "Subhanallahi, sannu Alhaji, ban ji daɗin wannan ba. Ina kayan? Kawo mu duba tare." Wannan ba amsa laifi ba ne, jajantawa ce, kuma ya cancanci a jajanta masa ko laifin na wane ne.

Idan yaron shago ne ya tarar da mai ƙorafin ba ka nan, ka riga ka koya masa abu uku: ya karɓi kayan da ladabi, ya ajiye su daban, ya kira ka. Kada ya yi gardama, kada kuma ya yanke hukunci a kan abin da ya wuce 'yan ƙwayoyi.

Mataki na uku: ka karanta goron

A nan ƙwarewarka za ta yi aiki. Ka zube kayan a faifai a wuri mai haske, ku ware masu kyau da marasa kyau tare, ku ƙirga kowanne. Sau da yawa wanda ya zo yana cewa "duk ya lalace" zai ga da idonsa cewa goro 15 ne cikin 200, muryarsa ta sauka da kanta. Wani lokacin kuma kai ne za ka ga abin ya fi yadda ka zata. Bayan ƙirga, sai ka duba irin lalacewar.

Sankara. Za ka ga ɗan rami a jiki, ko ba ka ga komai ba sai an ɓare, a tarar da hanyoyi masu duhu da gari-gari, wani lokaci har da tsutsar. Ƙwaron da ke jawo wannan yana saka ƙwansa a cikin goro, sau da yawa tun a gona ko a wurin tara kaya, kuma tsutsar tana ɗaukar makonni tana ci kafin ta zama ƙwaro. Ma'ana, goron da aka saya shekaranjiya aka ga cikinsa a cinye yau, ba a gidan mai saye ya kamu ba. Da cutarsa ya fita daga hannunka, ko ka sani ko ba ka sani ba. Kada ka ɗora wa mai saye laifin wannan.

Bushewa. Goron ya yamutse, ya yi tauri, nauyinsa ya ragu. A lokacin hunturu iska kan yi wa goro haka cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka bar shi a buɗe. Idan ka san lafiyayye ka ba shi, kuma sauran da ke tebur ɗinka daga huhu ɗaya suna nan garau, to daga ajiyarsa ne. Ka ɗauko naka ka ajiye kusa da nasa, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Fumfuna da ruɓa. Wannan ita ce mai wuya, domin tana iya fitowa daga kowane ɓangare. Ka tambaye shi a hankali inda aka ajiye. Idan a ƙulle cikin leda ya kwana uku a ɗaki mai zafi har ya yi gumi, ka san amsa. Amma ka tambayi kanka kai ma: ka cika masa ruwa da safen ranar don ya yi sheƙi? Akwai masu tabo a ciki da ba ka tsince ba? Goro ɗaya mai ruɓa yana shafa wa na kusa da shi. Idan ruɓar ta fara ne daga wurin da wuƙa ta yanka ko inda aka buge shi a hanya, tsohon rauni ne, ba na gidansa ba.

Laushi da baƙi bayan sanyi. Goron da ya daskare a firiza, in ya saki sai ya yi laushi ya canza launi. Wannan a bayyane yake.

Ɗanɗano. "Bai yi min daɗi ba" ba aibi ba ne, musamman idan ya ɗanɗana kafin ya saya. Amma idan ka ce masa daushe ne ya biya kuɗin daushe, ya je ya tarar da sabo, ƙorafinsa daidai ne ko da goron lafiyarsa ƙalau.

Warin magani. Wannan ba ya cikin sahun sauran, kuma ina roƙon kowane mai goro ya ɗauke shi da nauyinsa. An san wasu masu tara goro suna zuba masa maganin ƙwari don gudun sankara, har da Gammalin 20, wanda sinadarin da ke cikinsa, lindane, yana cikin waɗanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm kan sinadarai masu guba ta sa a jerin haramtattu a 2009. Goro ɗanye ake ci, ba a dafawa, yawanci ma ba a wankewa. Idan mai saye ya ce ya ji warin magani, ko wani ya ci ya ji jiri ko tashin zuciya, kada ka tsaya ciniki. Ka mayar masa da kuɗinsa duka, ka ce wanda bai ji daɗi ba ya je asibiti, ka sauke sauran kayan wannan huhun daga tebur, ka kira waɗanda ka san sun saya daga cikinsa, sannan ka koma wurin wanda ya sayar maka. Irin wannan ana kai rahotonsa ga NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya.

Mataki na huɗu: asarar ta wace ce, kuma me za a yi

Idan laifin ya tabbata daga wajenka ne, ƙirga bai cika ba, ko an gauraya, ko aibin da ya kamata ka gani ba ka gani ba, to mai saye ne ke da zaɓi. Ka shimfiɗa masa: a canza masa, ko a rage masa kuɗi daidai da abin da ya lalace, ko ya dawo da kayan ya karɓi kuɗinsa. Kada ka tilasta masa canji idan bikin ya riga ya wuce, me zai yi da goro 100 ranar Lahadi alhali an ɗaura aure ranar Asabar? Kuma ka biya nan take. "Ka dawo gobe" sau uku ya fi ƙin biya ɓata rai.

A ce ya sayi ƙwarya biyar, goro 500, aka sami 60 da sankara, laifin kuma ya tabbata daga wajenka, sauran an raba an ci. Abin da ke kanka kuɗin 60 ne, a kan farashin da ya saya, ba farashin yau ba. Idan ka yi masa gyaran goro 10 tun farko, ni ban ga kyawun ka cire su daga lissafi ba. Kyauta ce ka riga ka bayar.

Akwai wata mas'ala da ya kamata 'yan goro su sani. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan aibin da ba a iya ganinsa sai an fasa ko an yanka abin, irin ƙwaron da ke cikin katako ko ɗacin kokwamba, wanda mai sayarwa da mai saye duka ba su da hanyar saninsa. Asalin hukuncin a wurinsu shi ne ba a tilasta mayarwa, sai idan an yi sharaɗi, ko kuma al'adar kasuwar ta gudana a kan mayarwa. Sankarar da ba ta nuna alama a waje tana kama da wannan. To ka ga amfanin sharaɗin da muka ce a yanke tun farko: yana rufe ƙofar jayayya. Amma kada mai goro ya mayar da wannan hukunci mafaka. Wanda ya ga ramuka a huhu ya san kayan sun kamu, ya yi shiru, ya fita daga wannan rangwame, domin ya sani. Kuma ko da shari'a ba ta tilasta maka ba, an ruwaito cewa wanda ya yarda ya warware wa Musulmi ciniki, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Shawarata a irin wannan hali ita ce ka canza masa in kaɗan ne, in kuma da yawa ne ku raba asarar, kai kuma ka bi naka haƙƙin wurin dilan da ka saro a hannunsa.

Idan kuwa laifin na mai saye ne ƙarara, ka gaya masa gaskiya cikin taushi, ka nuna masa dalili a jikin goron. Ba dole ba ne ka biya, kuma adalci bai ce ka ɗauki asarar da ba taka ba don kawai an ɗaga maka murya. Mai ƙaramin jari in ya saba biyan duk wanda ya yi hayaniya, ba zai kai Sallah ba. Abin da za ka iya shi ne ka ɗan ba shi wani abu don zumunci, ka bayyana masa cewa kyautatawa ce, sannan ka sake koya masa ajiya.

Duk hukuncin da ka yanke wa Alhaji mai mota, shi za ka yanke wa ɗan dako da ya sayi goro biyar. Mutanen unguwa suna lura da wannan fiye da yadda kake zato.

Wasu lamura masu sarƙaƙiya

Ƙorafin da aka aiko yaro da shi. Mata da yawa daga cikin gida suke saye, yaro ne ke kai da kawowa, kuma saƙo kan canza a hanya. Kada ka yi wa yaron faɗa, kada kuma ka ba shi amsa mai zafi ya kai. Ka karɓi kayan ka duba, ka ce a kira ka a waya ko maigidan ya biyo. "Ka gaida Hajiya, ka ce na gani, zan yi magana da ita" ya wadatar.

Ƙorafin mai bashi. Akwai wanda ba ya tuna goro ya lalace sai ranar da ka tambaye shi kuɗinka. Ka raba maganar biyu: abin da ya nuna maka ya lalace a cire, sauran ya biya. Idan babu goron babu hoto, kuma wata guda ya wuce, ka yi masa uzuri sau ɗaya in kana so, amma ka gaya masa daga yau ƙorafi da kaya a hannu ne, cikin kwanakin da kuka yanke.

Kayan da aka ba direba a tasha. Kafin ka ɗaure, ka ɗauki bidiyo ka tura wa mai kayan, ku kuma yi magana a kan wanda ke ɗauke da asarar hanya. Idan shi ya zaɓi direban, kayan sun zama nasa daga lokacin da aka loda. Idan kai ka ɗauki nauyin kai masa, suna wuyanka har su isa. Ka roƙi direba kada ya ɗora kaya masu nauyi a kai, kada kuma ya sa su kusa da jarkar mai, domin goro yana ɗaukar wari.

Goron da ba naka ba. Yakan faru a gidan biki an sayo daga wuri biyu an haɗe. Idan ka gane ba naka ba ne, kada ka ce masa maƙaryaci. Ka tambaya: "Alhaji, ko an ƙaro daga wani wuri? Don ni farare na ba ka, ga jajaye a ciki." Ka bar masa hanyar fita da mutuncinsa.

Mataki na biyar: idan kun kasa daidaitawa

Kada ku kai ga zage-zage. Ku sami mutum na uku wanda ya san goro kuma ba shi da riba a cikin maganar, wani tsohon ɗan goro ko shugaban 'yan kasuwar wurin, ku yarda tun kafin ya duba cewa abin da ya faɗa shi ke nan. In bai yiwu ba, akwai sarkin kasuwa, akwai mai unguwa, a Kano da wasu jihohi akwai Hisbah da ke yin sulhu. A Nijeriya kuma akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan da ke da aibi ko haɗari. Rubuta "ba a mayar da kaya" a jikin shago ba ya shafe wannan haƙƙi. Da wuya rigimar ƙwarya biyu ta kai can, amma sanin dokar yana hana kowa wuce gona da iri.

Mataki na shida: bayan ya tafi

Goron da aka dawo da shi kada ya koma cikin mai kyau. Mai sankara a ƙone shi ko a binne nesa da wurin ajiya, don ƙwaron na iya fitowa ya shiga sauran. Wanda ya ɗan bushe amma yana ciwuwa, a kasa shi daban a sayar da araha, a kuma faɗa wa mai saye dalili. Ka zube sauran huhun ka tsince shi tas, ka canza ganye.

Ka rubuta a littafi: rana, irin aibin, da dilan da ka saro a wurinsa. Bayan 'yan watanni littafin zai nuna maka wanda kayansa ke yawan jawo maka magana. Ka koma masa da goron a hannu, kamar yadda kake so a zo maka. Ka saba da ɗaukar bidiyo lokacin kwance huhu, tun igiyar tana ɗaure. Kuma kada ka cire asarar daga kuɗin yaron shago sai idan sakacinsa ne a fili, bayan ka riga ka koya masa.

Zuwa ga masu saye

Goron da ke faranti a bakin layinku ƙarshen wata doguwar hanya ne. Kakanninmu Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi ta tafiya Gwanja da jakuna, wata da watanni, suna saro goro a Salaga. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara ƙarfi. Wannan sana'a tana cikin abin da ya cika unguwannin Sabo na Shagamu da Ibadan da Hausawa. A duk wannan sarƙa, mai tebur shi ne mafi rauni. Dila ya riga ya karɓi kuɗinsa, manomi ya karɓi nasa, shi kuwa kullum kayansa raguwa suke yi a hannunsa, yana yayyafi yana tsincewa. Shi ne kuma kaɗai zai sayar wa tsoho goro ɗaya, har da ɓari, ya ba shi bashi zuwa ƙarshen wata, ya san wane ne ke son fari wane ne ke son ja.

In kana son ya ɗore, ga abin da ke kanka.

Ka kai ƙorafinka gare shi, da wuri, da kayan a hannu. Mutane da yawa ba sa komawa, sai su ƙaurace wa mutum shiru su riƙa faɗa a majalisa cewa goron Malam wane ba shi da kyau. Wannan ya fi cutar da shi, domin bai san laifinsa ba balle ya gyara, kuma damar da yake da ita ta komawa wurin dila ta wuce. Haka nan ɗaukar hoton tebur ɗinsa a watsa a Facebook tun ba a yi masa magana ba. Rubutun minti ɗaya yana iya rushe sunan da aka yi shekara 20 ana ginawa, kuma ko ka goge daga baya, waɗanda suka gani sun gani. In ka je ya ƙi sauraronka, ga matakan sulhu can a sama. In ya gyara maka, ka faɗa a majalisar da ka yi niyyar kai ƙararsa.

Ka faɗi gaskiyar yadda ka ajiye. Idan a mota ya kwana, ka ce a mota ya kwana. Kada ka kawo goro 10 ka nemi kuɗin 100, kuma wanda aka riga aka ci an ci.

Ka biya bashi a kan lokaci. Jarin mai goro juyawa yake yi, kuɗin da ka riƙe masa mako uku shi ne sarin da bai je ba. Idan tiransifa za ka yi, ka tsaya har ya ga shigar kuɗin, kada ka ji haushi don ya ce a jira. A wurin ciniki kuma, ka taya daidai. In ya ce albarka sau biyu, ka san ka kusa taɓa uwar kuɗi. A Bukhari an ruwaito addu'ar rahama ga mutum mai sauƙi in ya sayar, mai sauƙi in ya saya, mai sauƙi in ya nemi haƙƙinsa, ka ga mai saye ma yana ciki.

Babban abin da zai ɗaga shi shi ne cinikin biki. Yawancinmu a wurinsa muke sayen na Naira kaɗan kullum, amma ranar da za a sayi goron ɗaurin aure ko na suna sai mu tsallake shi mu tafi babbar kasuwa, inda ba mu san kowa ba, ba mu kuma iya zaɓe ba. Ka gwada ba shi wannan aikin. Ka same shi da saura mako ɗaya ko biyu, ka gaya masa adadi da irin da kake so da ranar da za a raba. Ka ba shi kafin alƙalami don ya iya sarowa ba tare da ya taɓa jarin tebur ba, ku yanke ladansa a fili, ko dai farashin ƙwarya ko la'ada a kan abin da ya sayo. Ka bar kayan a wurinsa ya kula da su, ka aiko a ɗauka ana gobe da yamma, a ƙirga a gaban ɗan aiken, a ɓare biyu ko uku. Idan za a ƙulla a leda tare da alewa da dabino, a ƙulla a daren ko da asubar ranar, kada a ƙulla tun saura kwana uku.